Finjalin Abu Kusai

Tun da aka fara kaɗar zaitun a Ainul Lauz hankalin Malama Wijdan bai ƙara zama cikin aji ba. Tagar aji huɗu tana kallon kwari, a gindin kwarin kuma gidan matsar mai yake, inda Kusai yake aiki. Sai ta ɗaga alli za ta yi rubutu, idonta ya sulale ya gangara can, ya bar ta tsaye da hannu a sama yara suna jira.

A makon nan darasin Turanci ya maƙale a kan kalmomi biyu da yaran suka rantse ba za su rabe su ba, “hide” da “cover”. Ta yi bayani a allo har muryarta ta dushe. Da aka yi gwaji sai ga rabin aji sun ɓoye tukunya da murfi, sun rufe kansu a bayan ƙofa. Shi ya sa ran Laraba ta zo da farantin gurasa daga gida, ta ɗora a tebur, ta yafa masa farin ƙyalle.

“Me ke ƙarƙashin nan?”

“Gurasa!” aji ya ɗauka baki ɗaya.

“Wa ya gaya muku?”

“Haba Malama, ga tudunta nan. Tun daga bakin ƙofa muke jin ƙamshi,” in ji wani sarkin ci daga layin baya. “In an gama za a raba?”

“Kai dai cikinka ya riga kanka zuwa makaranta. To ku saurara. Wannan shi ne ‘cover’. Na rufe ta saboda ƙuda, ba don kada ku sani ba. Kowa ya san tana nan. Amma in na ɗauke ta na kai inda ido ba ya zuwa, na ja bakina na yi shiru har mai nema ya gaji, wannan shi ne ‘hide’. Kun gane?”

Suka ce sun gane, irin ganewar da aka saba. Wijdan ta san halin kayanta, don haka ta ce a yi shi da jiki. Ta cire mayafin kafaɗarta ta lulluɓe wata yarinya a gaban aji, ƙafafunta a waje, aka yi ta dariya. Sannan ta nemi wanda zai ɓuya.

Lujain ce ta riga kowa ɗaga hannu.

Lujain ’yar Hazza ce, yayan Wijdan. Uwarta Nisrin, ƙanwar Kusai, tana gidan ubanta tun da Hazza ya sake ta cikin fushi, aka yi musayar maganganun da ba sa gogewa. Daga ranar gidajen biyu suka daina gaisuwa, ko a makabarta kowa gefensa yake tsayawa. Yarinyar ce kaɗai take ratsa tsakaninsu da jakar makarantarta, kawunta Kusai kuma shi ke zuwa ɗaukarta. A bakin ƙofar makarantar nan abin ya fara tsakaninsa da Wijdan, daga “sannu da aiki” zuwa abin da ya fi ƙarfin su biyun.

Yara suka rufe ido suna ƙirga da Turanci, Lujain ta ɓace. Ba su kai ga buɗe ido ba shugabar makaranta ta leƙo da murmushinta har kunne.

“Amarya ba a faɗa mana! Sai a gari za mu ji jibi tawagar gidan Abu Murad za ta zo neman aurenki? Mai kantin magani guda a birnin Irbid! Wallahi kin iya shiru, Wijdan.”

Yara suka buɗe ido suka ɗau tafi da ihu. Cikin hayaniyar aka buga ƙararrawa, aka wawashe gurasa, aji ya watse kamar an kora kaji.

Wijdan ta tsaya a taga. Ba ta ce tana son Murad mai kantin maganin ba, ba ta kuma ce ba ta so ba. Ranar da mahaifinta ya tambaye ta Hazza yana zaune a gefe yana kaɗa ƙafa, sai ta ce, “Yadda ka gani, Yaba,” tana zaton maganar za ta ja har a gama kakar zaitun, lokacin da Kusai ya yi alkawarin zai sami tsohonsa. Ashe gidan Abu Murad ba sa barin tuwo ya huce.

Hazo mai laushi ya kwanta a kan bishiyoyin kwarin. Ta bar kanta ta tafi inda take zuwa kullum, wani ɗan gida a saman tudu wanda ba a gina ba tukuna. Ta riga ta zaɓa masa launin ƙofa, shuɗi. Akwai rumman a tsakar gidan, akwai rigar Kusai a igiya tana ɗigar ruwa, ƙamshin ɗanyen mai bai fita daga jikinta ba duk wankin da aka yi mata. Har ta ji shi yana goge ƙafa a bakin ƙofa yana kiran sunanta.

“Malama Wijdan.”

Ta juyo a firgice. Shi ne da gaske, tsaye a ƙofar aji, hannayensa baƙi da aikin zaitun.

“Ina Lujain? Duk yara sun fita ban gan ta ba.”

Sai a lokacin ta tuna ba wanda ya je neman yarinyar. Ta duba ƙarƙashin tebura, ya duba bayan ƙofa, suna kiran sunanta. A cikin kabad ɗin taswira suka same ta, ta naɗe kamar mage, ta rungume ƙwallon duniya tana barci.

Ta buɗe ido tana murmushi. “Na ci, ko? Ba wanda ya gan ni.” Sai ta leƙa ta ga kujeru babu kowa, leɓenta ya fara rawa. “Ammti,” ta ce wa gwaggonta, “ba wanda ya neme ni ne?”

Wijdan ta durƙusa ta rungume ta. Ragowar gurasar da ta tsira ta damƙa mata, yarinyar ta je ta zauna a dokin ƙofa tana ci tana jan hanci. Ƙofa a buɗe, yarinya a tsakani, ba mai cewa sun keɓe.

Kusai bai matso ba. Ya tsaya can wajen allo yana murza makullin mota.

“Akwai abin da ba ki ji ba,” ya ce a hankali. “Kin san wanda gidan Abu Murad suka roƙa ya shugabanci tawagar? Wanda zai yi magana da bakinsu?”

“Wa?”

“Babana.”

Ta dafa tebur. “Kusai, ba na son irin wannan wasan.”

“Da ma wasa ne. Sun zo har gida, suka ce shi ne babba a gari, suka ce lokaci ya yi da zai sake taka gidanku a wanke abin da ya wuce. Ya ɗora hannu a kansa ya ce ya ɗauka. Wijdan, tun da Nisrin ta dawo ban ga haƙoran tsohon nan ba sai ranar. Har garin Ajlun na kai shi ya sayi sabuwar alkyabba. Yana gwadawa yana tambayata ko ta yi masa kyau.”

“Kai kuma ka ce me?”

“Na ce ta yi kyau.”

Hawaye suka zubo mata ba shiri. “Ta yi kyau! Abin da ka iya faɗa ke nan? Ubanka zai zo da bakinsa ya roƙa wa wani ni, kai kana gyara masa wuyan alkyabba?”

“Na buɗe baki, wallahi na buɗe. Sai in ga fuskarsa in haɗiye. Ya riga ya ba da kalmarsa a gaban maza. In na faɗa masa yanzu, ko ya janye gari ya ce dattijo ya yi amai ya lashe, ko ya tafi yana sane ya yanka ni da hannunsa. Wanne zan ɗora masa? Ga zuciyarsa da likita ya ce a lallaɓa.”

“Ni fa? Ni tawa zuciyar ta dutse ce?”

“Ke kika ce mu jira. Kika ce Hazza zai ƙone gari.”

“Na ce mu jira, ban ce mu mutu ba!” Ta tuna da yarinyar ta sassauta murya. “Kai ma ai ka ji daɗin jiran. Kullum sai an gama kaka, sai an sayar da mai, sai Nisrin ta huce. Mun yi shiru har shirun ya yi mana aure.”

Ya sunkuyar da kai. Namiji ne mai faɗin kafaɗa wanda yake ɗaga buhun zaitun da hannu ɗaya, amma yau ko idonta ya kasa ɗauka.

“In kika ƙi,” ya ce, “babana za a mayar da hannu wofi daga gidanku. An sako masa ’ya, sannan a kunyata shi a gaban gari. Bayan wannan ko gawata ba zai yarda a bi da ita ta ƙofarku ba. In kika yarda kuma…”

Bai ƙarasa ba. Ba ta kuma taimake shi ba.

“Wa zai kawo shi?” ta tambaya daga baya.

“Wa yake da shi ban da ni?”

Lujain ta miƙe tana karkaɗe siket, ta dubi kawunta. “Khalo, mu tafi, Mama za ta yi faɗa.” Ya kama hannunta suka fita. Wijdan ta goge kalmomin biyu daga allo, ta daɗe tana goge wurin bayan sun fita tas.

Ran Alhamis gidan Abu Hazza, mahaifin Wijdan, ya koma kasuwa. An kafa rumfa a tsakar gida, an jera kujeru, an aika Irbid a kawo kayan zaƙin da ake kira kunafa. Umm Hazza, uwar Wijdan, tana madafa tana tsince shinkafa tana ba da umarni ta taga, mace ce da ba ta iya yin abu ɗaya a lokaci ɗaya ba.

Wijdan ta zauna kusa da ita ta jawo tire kamar mai taya aiki.

“Yumma.”

“In maganar rigar ce, na ce shuɗiyar za ki sa.”

“Yumma, ba na son Murad.”

Hannun uwar bai tsaya ba. “Ba yau aka fara ba. Ni ma ban so ubanki ba, ga shi har yau ban kashe shi ba.”

“Akwai wanda nake so.”

“Na sani.”

Wijdan ta ɗago.

“Me kike kallona? Ni na haife ki. Yarinyar da ba ta cin zaitun tun tana goye, rana ɗaya ta fara tambaya ko man bana ya yi kyau? Kullum sai kin fi kowa daɗewa a makaranta, ki dawo kina tuntuɓe da abin da babu. Na rufa miki asiri ne, ina cewa zazzaɓi ne zai sauka.”

“Bai sauka ba, Yumma.” Ta kifa kai a cinyar uwar tana kuka. “Ki gaya wa Yaba. Don Allah ki gaya masa. Ni bakina ba zai iya ba.”

Umm Hazza ta ajiye tiren. Ta ɗora hannu a kan ’yarta, muryarta ta sauko.

“In gaya masa me? Ya kori Abu Kusai? Kin san abin da zuwan tsohon nan yake nufi a wurin ubanki? Tun yarinta tare suka yi kiwo. Ɗan’uwanki da bakinsa mai kama da almakashi ya raba su, ubanki bai ƙara cin abinci ya ƙoshi ba. Jiya da kansa ya soya gahawa, bai bar kowa ya taɓa ba. Yana daka yana waƙa, Wijdan. Ubanki, waƙa!”

“To ni ce kuɗin sulhun?”

“Kul! Kada in ƙara ji. Murad ɗan mutunci ne, ba ya sha, ba ya zagi, uwarsa ma ba ta da yawan magana. Wata nema take da fitila.”

“Ba aibinsa nake faɗa ba.”

“Da kin yi magana tun rani, da na san ta inda zan bi. Yanzu rumfa ta tashi, an gayyaci gari.” Ta share mata hawaye da gefen mayafi, da ɗan ƙarfi. “Tashi ki wanke ido. Kada ki bari matar kawunki ta ga fuskar nan, kafin magariba ta kai ta birnin Amman.”

Juma’a bayan la’asar motoci suka fara hawowa. Wijdan tana sanye da shuɗiyar rigar, ta sulale daga ɗakin da mata suka cika ta hau matakala, inda wata ’yar taga take kallon tsakar gida.

Komai ya zo mata kamar a mafarki. Rana ta yi laushi, ta zuba ruwan zuma a kan rumfar. Maza suna shigowa jere da jajayen rawunansu, ana gaisawa ana sumbatar kumatu, muryoyinsu suna iso ta kamar daga ƙarƙashin ruwa. A gaba Abu Kusai ne cikin sabuwar alkyabba mai bakin zinariya, yana takawa a hankali. Da suka haɗu da mahaifinta suka rungume juna suka ƙi saki, har wasu dattawa suka shiga goge ido.

Kusai bai shiga rumfar ba. Ya tsaya a bakin ƙofar gida, kusa da a-kori-kurarsa.

Aka zauna. Hazza ya fito da butar gahawa a hannun hagu, fuskarsa a ɗaure, ya zuba a finjali ya miƙa wa babban baƙo. Abu Kusai ya karɓa, bai kai baki ba, ya ajiye shi a kan ɗan teburin da ke gabansa. Tsakar gida ta yi tsit. Kowa ya san finjalin nan ba zai tashi ba sai an ba da abin da aka zo nema, in kuwa aka sha, magana ta ƙulle, ba mai kwance ta.

Tsohon ya yi salati ya gyara murya.

“Ya Abu Hazza, na daɗe ban taka gidan nan ba, kai ka san dalili, ni ma na sani, yau kuma na bar shi a bakin ƙofa tare da ƙurar takalmina. Mun zo maka da fuskokin nan da kake gani, muna neman ’yarka Wijdan wa ɗanmu Murad, bisa tafarkin Allah da Manzonsa. Gahawarka mai daɗi ce, na san hannun da ya soya ta. Amma ba za ta taɓa leɓena ba sai ka faranta mana.”

Mahaifinta ya miƙe cikin murna. “Marhabin da ku, gidan gidanku ne. Ku ba ni izini in ji ta bakin mai abin.”

Aka yi ’yar dariya. Al’ada ce kawai, uba ya shiga ya fito, kafin gahawa ta daina tururi an gama.

A matakala ya same ta. Ya tsaya yana haki kaɗan, yana murmushi.

“Nan kika maƙale? To, yaba, me zan ce musu?” Haka yake kiranta da sunan da take kiransa duk lokacin da zuciyarsa ta yi taushi.

Ta sauko taki biyu ta kama hannunsa, ta sumbata ta ɗora a goshi, ta kasa sakewa. Hawayenta suka jiƙa masa yatsu.

“Kukan amare tun yanzu?”

“Yaba, ka yafe mini. Kusai nake so.”

Murmushin bai tafi nan take ba. Ya ɗan tsaya a fuskar, kamar baƙon da bai ji an ce a tashi ba.

“Wane Kusai?”

Ta nuna tagar da ido. Ya leƙa ta ’yar tagar, ya ga mai tsayuwa a bakin ƙofa, ya daɗe yana kallonsa.

“Tun yaushe?”

“Tun kakar da ta wuce waccan.”

“Na tambaye ki. Da bakina na tambaye ki, kika ce yadda na gani.”

“Tsoro na ji.”

“Tsoron wa? Ni? Na taɓa ɗaga miki hannu?” Muryarsa ta karye. “Sai yanzu, Wijdan? Yanzu da finjali yake ƙasa? Shi tsohon ya sani?”

“Bai sani ba.”

“La haula wala ƙuwwata. Kun kashe ni, kun kashe shi, ku biyu da shirunku.” Ya zare hannunsa. “In na ce a’a, na mari abokina a gaban gari. In na ce i, na binne ’yata da ranta. Wace ƙofa kika bar mini?”

“Duk abin da ka yi, Yaba, ba zan ɗaga kai ba. So nake dai ka yi shi kana sane.”

Ya dube ta, kallon da ba ta taɓa gani a idonsa ba, ba fushi ba ne zalla, ba kuma tausayi ba. Ya gyara rawaninsa ya sauka. Ta ji takunsa yana nisa, ta koma tagar.

A rumfa an fara gyara zama. A ɗakin mata an yi shiru, masu guɗa sun tanadi numfashi. Abu Hazza ya tsaya a tsakiya, bai zauna ba.

“Ya Abu Kusai,” ya ce, “finjalinka ba ya komawa cike daga gidana, ko da wuyana ka zo nema. Wijdan na ba ka ita. Taka ce, halak malak, ka ba wanda ka ga dama.” Ya ɗaga ido wajen ƙofar gida. “Sai dai kafin ka ba da ita, ka juya ka dubi wanda ya tuƙo ka.”

Gunaguni ya tashi. Abu Murad ya ɗago daga kujerarsa. “Wace irin magana ce wannan, Abu Hazza?” Butar da ke hannun Hazza ta karkace har gahawa ta ɗiga a takalminsa, bai ma sani ba.

Tsohon ya juya a hankali, da dukan jikinsa, yadda tsofaffi ke juyawa. Rawuna suka juya tare da shi.

Kusai yana nan inda yake. Bai sunkuyar da kai ba a wannan karon. Hawaye suna bin gemunsa, ya bar su suna zuba a gaban mazan gari duka.

Wijdan ta ga lokacin da abin ya isa ga tsohon. Kafaɗunsa suka sauka a cikin sabuwar alkyabbar, sai ta yi masa yawa. Ya juyo ya miƙa hannu ya ɗauki finjalin. Wata mai gaggawa a ɗakin mata har ta saki rabin guɗa, aka toshe mata baki.

Ya kai shi daidai ƙirjinsa ya tsaya. Ya dubi gahawar, ta riga ta huce.

“Abu Murad,” ya ce, “ka aiko ni in roƙo maka, aka ba ni. In na sha na miƙa maka, na yanka ɗana. In na sha na riƙe, na ci amanarka. Ku shaida, jama’a, gidan nan bai hana ni komai ba. Ni ne na kasa sha.”

Ya mayar da finjalin kan tebur a hankali, ko ɗigo bai zube ba. Ya dafa sandarsa ya miƙe. Maza suka dare masa hanya, Abu Murad ya bi shi da kallo baki buɗe.

A bakin ƙofa Kusai ya yi sauri ya buɗe masa mota.

“Yaba…”

“Ƙafata ta san hanya.”

Ya wuce shi ya kama hawan tudu.

Bayansa rumfa ta ɓarke. Wijdan tana jin muryar Hazza sama da ta kowa, tana jin kawunnanta suna ba gidan Abu Murad haƙuri, ana jan kujeru, motoci suna tashi ɗaya bayan ɗaya. Tiren kunafa yana nan a kan tebur ba a ko buɗe shi ba. Mahaifinta ya zauna a kujerar da abokinsa ya tashi, ya zuba wa finjalin ido.

Umm Hazza ta hawo matakala tana dafa gwiwa, ta zube kusa da ’yarta. Ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi faɗan ban tsoro.

“To, ’yar nan,” ta ce, “yanzu ke ta wa ce?”

Wijdan ta jingina goshi da tagar. Idonta yana kan hanya. Tsohon da aka damƙa masa ita yana hawa shi kaɗai tsakanin bishiyoyin zaitun, alkyabba tana jan ƙasa, bai waiwayo ko sau ɗaya ba. A-kori-kurar tana bin sa a baya a hankali, ƙofar gefe a buɗe tana lilo.

A kwanar da hanya ta fi tsayi numfashi ya gaza masa. Ya tsaya. Motar ta matso ta tsaya daidai shi. Ya miƙa hannu ya dafa ƙofar yana haki.

Bai shiga ba. Amma da ya ci gaba da tafiya, bai ɗauke hannunsa daga ƙofar ba.